Makarantu Da Masu Zuba Jari: Abin Da Tarihin Yola Da Jimeta Ke Koya Mana



Duk lokacin da aka kira taron neman masu zuba jari, ko a Abuja ko a ƙasashen waje, akwai maganar da shugabanni ba sa rabuwa da ita: muna da matasa masu yawa, muna da jami'o'i da kwalejoji, don haka wanda ya kawo kuɗinsa ba zai rasa ma'aikata ba. Mu mutanen Yola da Jimeta wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin garuruwan Arewa kaɗan ne suka tara manyan makarantu kamar yadda muka tara. Daga Girei zuwa cikin garin Yola akwai jami'ar tarayya, da kwalejin ilimi ta tarayya, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da kwalejin koyon jinya da ungozoma, da jami'a mai tsarin Amurka, da reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Amma in aka ce mu ƙirga masana'antun da baƙi daga waje suka kafa a wannan tsakani, yatsun hannu ɗaya sun ishe mu.

To, ina gizo ke saƙar? Shin maganar ce ba gaskiya ba, ko kuwa akwai abin da muka bari a baya? Garinmu ya fi shekara 180 da kafuwa, kuma baƙi masu jari sun sha zuwa suna tafiya. In muka bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya, muka duba abin da ya kawo kowannensu da abin da ya kore shi, za mu ga amsar.

GARIN MALAMAI DA FATAKE

Sunan jiharmu ma sunan malami ne. Modibbo a Fillanci malam ke nan, kuma Modibbo Adama ya yi karatu a Borno kafin ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen shekarar 1809. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, daga baya ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ɗansa Lamiɗo Lawal, wanda ya yi sarauta har 1872, da Lamiɗo Sanda da ya gaje shi, sun buɗe ƙofa ga malamai daga Sakkwato da Gwandu da Borno. Cikin waɗanda suka zo har da Modibbo Raji daga Gwandu, wanda zuriyarsa da almajiransa suka yaɗa karatu a wannan ƙasa.

Tare da malaman nan, fatake da masu sana'a suka biyo. Hausawa da Barebari sun shigo da rini da saƙa da dukanci da ƙira da fawa, suka riƙe fataucin da ya haɗa Fombina da Kano da Kukawa. Unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola shaida ce ta wannan zuwa. Kayan da ake fitarwa a lokacin sun haɗa da hauren giwa, sun kuma haɗa da bayi, kuma tarihi bai yarda mu ɓoye wannan ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Yola a watan Yunin 1851, bai yi ko mako guda ba aka sallame shi, amma ya lura cewa ƙyallen saƙi na auduga shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a kasuwa. Wato masaƙi a zamanin nan, kusan kuɗi yake bugawa a kan masaƙarsa.

Abin lura a nan shi ne, Bakano ko Babarbaren da ya ɗauko dukiyarsa ya yi tafiyar watanni zuwa Yola, shi ne mai zuba jari na wancan zamani. Abubuwa uku suka jawo shi: sarki ya ba shi aminci, ya ba shi wurin zama, akwai kuma alƙali mai ilimi da zai raba shi da abokin cinikinsa in rigima ta taso. Ilimi da sana'a da jari tare suka shigo garin, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa.

TURAWAN DA KOGI YA KAWO

A shekarun 1880 wasu irin baƙi suka ɓullo ta kogin Binuwai. Eduard Flegel ya iso Yola a 1882 yana nema wa Jamus hanya. Kamfanin Ingilishi wanda a 1886 ya zama Royal Niger Company ya kafa ciniki, amma Lamiɓe ba su saki jiki da shi ba, har ya daɗe yana saye da sayarwa daga cikin jirgin da aka ɗaure a kogi. Bafaranshe Louis Mizon ya zo a 1891, ya sake dawowa, ya ba Lamiɗo Zubairu igwa biyu. Ƙasashe uku ke nan suna zawarcin gari ɗaya. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda, Yola ta faɗa wa Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa, har da Garwa da Ngaundere, ta faɗa wa Jamus. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita, aka naɗa Bobbo Ahmadu.

Daga nan Jimeta ta tashi. Da yake ita ce a bakin kogi, nan Turawan mulki suka kafa ofisoshinsu, nan kuma kamfanoni irin su John Holt da UAC suka gina ɗakunan ajiya. Jiragen ruwa kan hauro ne a 'yan watannin da kogi ya cika, wajen Yuli zuwa Oktoba, su sauke gishiri da yadi da kananzir da kwanon rufi, su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da ƙaro. Kakannin da yawa daga cikinmu wannan hada-hada ce ta kawo su daga Kano da Katsina da Zariya da Haɗeja, suka zama dillalai da 'yan baranda da masu awo da 'yan dako.

Wannan jarin waje ne na gaske, kuma ya daɗe. Sai dai bai zo don ƙwarewar kowa ba. Kogi ya kawo shi, ɗanyen kaya ya riƙe shi. Abin da kamfani ke bukata daga ɗan gari bai wuce ƙarfin ɗaukar buhu da akawu mai iya lissafi ba, akawun ma sau da yawa daga Kudu ake kawo shi. Gyaɗarmu a Turai ake matse ta, fatarmu a can ake jeme ta a ɗinka takalma. Da hanyoyin mota suka karɓe sufuri, kogi kuma ya cushe da yashi, sai cinikin ruwa ya mutu, kamfanonin suka janye ba su bar wata sana'ar zamani a hannunmu ba. Dogo kuwa, wanda ya isa Kano tun 1911, ya ratsa Gombe ya kai Maiduguri a 1964, har yau bai taka Yola ba.

MAKARANTAR DA TA FITAR DA MA'AIKATA

Karatun boko a Yola ya tsufa. Makarantar da muke kira Kwalejin Janar Murtala Mohammed a yau ta faro ne a 1920, ta zama Midil, ta zama sakandaren lardi. Mishan 'yan Denmak sun sauka a Numan a 1913 ƙarƙashin Dakta Niels Bronnum, 'yan Amurka kuma suka kafa tasu a Garkida a 1923, kuma ban da karatu da asibiti sun koya wa mutane kafinta da gini da aikin magani. Ma'aikatar ayyuka ta En'e ita ma ta fitar da magina da kafintoci da direbobi daidai bukatarta.

Amma manufar makarantar gwamnati a lokacin a fili take: a sami malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. Ta kuwa yi nasara fiye da yadda aka zata. Muhammadu Ribadu ya fito daga Midil ta Yola, ya riƙe baitulmalin En'e, ya zama ministan tsaron Najeriya har rasuwarsa a 1965. Ahmed Joda ya bi ta wannan makaranta ya zama babban sakatare a gwamnatin tarayya, ya riƙe ma'aikatar ilimi da ta masana'antu. Lardin Adamawa ya ba Arewa Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, da Dakta Mahmud Tukur wanda ya fara shugabantar Jami'ar Bayero, da Farfesa Jibril Aminu wanda ya shugabanci hukumar jami'o'i ta ƙasa da Jami'ar Maiduguri kafin ya zama ministan ilimi. A baya-bayan nan Mohammed Sanusi Barkindo, ɗan Yola, ya riƙe ƙungiyar OPEC daga 2016 zuwa 2022.

Wannan abin alfahari ne, amma mu lura da inda suka yi aikin: Kaduna, Legas, Zariya, Kano, Abuja, Biyana. Tun farko makarantarmu ta saba da tarbiyyar yaro don ya tafi. Haka kuma ta dasa mana wani tunani da har yau bai sake mu ba, cewa mai ilimi shi ne mai zama a ofis da alƙalami, mai riƙe sifana kuwa wanda karatu ya gagara ne. Kwamitin Ashby, wanda ya duba makomar ilimi mai zurfi a Najeriya ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ja kunne cewa ƙasa na bukatar ma'aikatan tsakiya, wato masu aikin fasaha da hannu, ninkin-ba-ninkin masu digiri. An karɓi shawarar gina jami'o'i da hannu biyu, ta masu aikin hannun kuwa aka yi mata riƙon sakainar kashi.

ZAMANIN GONGOLA

A 1976 aka ƙirƙiri jihar Gongola, Yola ta zama babban birni. Kuɗin mai ya shigo, makarantu suka yi ta tsirowa. Kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Jimeta ta samo asali a 1974. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Mubi a yanzu ta samo asali a 1979. A 1981 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola, ɗaya daga cikin bakwai da aka kafa a farkon shekarun 1980 da niyyar su fitar da injiniyoyin da za su riƙe masana'antun ƙasa. Ba ta daɗe ba tattalin arziki ya karye, a 1984 gwamnatin soja ta mai da ita reshen Jami'ar Maiduguri, sai a 1988 ta dawo da cin gashin kanta. A 2011 aka sa mata sunan Modibbo Adama, a 2021 kuma aka cire kalmar fasaha daga sunan, ta zama jami'a mai koyar da kowane fanni har da likitanci.

A wannan zamani ne jarin waje mafi girma ya shigo yankinmu. An kafa kamfanin sukari na Savannah a Numan a 1971, hukumar raya ƙasashen rainon Ingila, wato CDC, ta sa hannu ta kuma riƙe gudanarwa. Aka gina madatsar Kiri a kan kogin Gongola, aka kammala a 1982, don shayar da gonakin rake. A Ngurore kuma kamfanin Afcott, reshen masaƙar Afprint ta Legas mallakar 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya, ya buɗe gona da injin gurzar auduga lokacin da aka matsa wa masaƙu su nemi kayan aikinsu a cikin gida.

Me ya kawo waɗannan? Ƙasa mai faɗi da ruwa da rana. Shawarar kafa Savannah ta riga jami'ar fasaha da shekara goma. Duk da haka, a nan ne muka fara ganin amfanin horo na cikin masana'anta. Yaran Numan da Guyuk da Jimeta da suka shiga a matsayin leburori sun fito suna iya walda da gyaran tarakta da sarrafa tukunyar tururi da aikin lantarki. Bayan Turawan sun janye, kamfanin ya shiga halin ni-'yasu a hannun gwamnati, har aka sayar wa Ɗangote aka miƙa masa a 2003. Audugar ma ta bi sahun masaƙun ƙasar nan da suka durƙushe saboda rashin wuta da kwararowar yadin waje.

A ɓangaren ƙananan makarantu kuwa, tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da kyakkyawar niyya, cewa kowane yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki tun a ƙaramar sakandare. An sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka raba. A makarantu da yawa a faɗin ƙasar nan injunan sun ruɓe cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun nan ba sai an ba su labari ba.

JAMI'AR AMURKA DA SHEKARUN TASHIN HANKALI

A 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, a shekarar ne kuma aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Jami'ar jiha ta zo a Mubi a 2002. Sai a 2005 Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda Atiku Abubakar ya kafa da haɗin gwiwar wata jami'a ta birnin Washinton, ta fara ɗaukar ɗalibai a Yola. Wannan sabon abu ne a tarihinmu: makaranta ita da kanta ta jawo baƙi. Malamai daga ƙasashe daban-daban suka zauna a garin, ɗalibai suka zo daga Legas da Fatakwal da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka, jiragen sama suka sami fasinja, masu otal da masu gidajen haya da masu sayar da abinci suka sami kasuwa. Sai dai kuɗin makarantar ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma mafi yawan waɗanda suka gama, jirgin da ya kawo su shi ke mai da su.

A zamanin Gwamna Murtala Nyako, daga 2007 zuwa 2014, an buɗe cibiyoyin koyar da sana'o'in fasaha tare da ƙwararru daga Jamus. Tunanin ya yi daidai da ciwon, amma irin wannan aiki a ƙasarmu yakan rayu ne da gwamnatin da ta kawo shi, ya yi sanyi in ta sauka.

Sannan masifa ta faɗo. A watan Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai a Mubi. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi, makarantunta suka watse, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola da Jimeta, kusan kowane gida ya karɓi baƙi. A 2015 bama-bamai sun tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. A lokacin ne jami'ar ta Amurka, ƙarƙashin shugabarta Margee Ensign, tare da malaman Musulunci da na Kirista a ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa da aka kafa a 2012, suka ciyar da ɗimbin 'yan gudun hijira, daga baya kuma ta karɓi 'yan matan Chibok da suka kuɓuta.

Abin da tashin hankali ke yi wa jari, kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola ya isa misali. An miƙa shi ga 'yan kasuwa a 2013, ba a yi shekara biyu ba suka ce ba za su iya ba saboda rashin tsaro, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 2015. In ɗan ƙasa ya gudu, ina ga baƙo? Duk da haka, a 2015 ɗin ne aka buɗe masana'antar abincin dabbobi ta Rico Gado a Yola, haɗin gwiwa tsakanin kamfanin Atiku da wani kamfani na ƙasar Fotugal. Ita ma abin da ya sa ta yiwu shi ne masara da waken suya da shanu suna kusa, sannan akwai ɗan gida mai ƙarfi da ya tsaya wa baƙon.

YADDA WASU SUKA YI

Akwai ƙasashen da ilimi ya jawo musu jari da gaske, kuma yana da kyau mu ga yadda abin ya gudana. Singafo ba ta da ƙasar noma, ba ta da ma'adinai. A shekarun 1970 hukumar raya tattalin arzikinta ta haɗa kai da kamfanonin da take zawarci, aka buɗe cibiyar horo da Tata na Indiya a 1972, da Rollei na Jamus a 1973, da Philips na Holan a 1975. Kamfani ke kawo malamai da tsarin koyarwa, gwamnati ta ɗauki kaso na kuɗin, kuma ana horar da ninki biyu na abin da kamfanin ke bukata. Rabi su shiga aikinsa, rabin su zama tanadin da za a nuna wa kamfani na gaba.

Ƙasar Ailan ta mai da karatun sakandare kyauta a 1967, ta buɗe kwalejojin fasaha na yankuna daga 1970. Sai a 1989 kamfanin Intel ya zo ya kafa masana'antarsa. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin shuka da girbi, kuma ban da makarantun akwai sauƙin haraji da damar shiga kasuwar Turai. Kosta Rika, ƙaramar ƙasa da ta soke rundunar sojanta tun 1948 ta karkata ga ilimi da lafiya, ta shawo kan Intel a 1996, kuma cikin abin da ta yi har da gyara manhajar kwalejinta ta fasaha daidai da bukatar kamfanin. A 2014 kamfanin ya kwashe sashen harhaɗa kaya zuwa Asiya, amma mutanen da aka horar suna nan, masu ƙera kayan asibiti suka ɗebe su, daga baya Intel ɗin ma ya dawo.

A gida kuma muna da Kaduna. Masaƙar farko ta buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, ga kwalejin kimiyya da fasaha a gefe tana ba su ma'aikata, ga dogo, ga wuta. Da wutar ta lalace, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, alhali ƙwararrun ma'aikatan suna nan zaune.

Darasin ya fito. Makaranta ita kaɗai ba ta kiran mai jari. Yakan fara tambayar tsaro da wuta da hanya da kasuwa da doka. In ya gamsu da waɗannan, sai ya tambayi wa zai yi masa aikin, kuma amsar wannan tambaya ce ke yanke ko zai sayi ɗanyen kaya ya tafi kamar yadda John Holt ya yi, ko zai kafa injin ya sarrafa a nan. Ƙwarewa ita ke mai da mai saye ya zama mai gini, ita ce kuma abin da ke saura in ya tafi. Rahotannin hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun sha nuna cewa Legas da Abuja ke kwashe kusan duk jarin da ke shigowa Najeriya, jihohi da yawa kuwa shekara kan ƙare ba su ga ko dala ɗaya ba. Jihohin nan kowacce tana da jami'a.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tsaro da wuta da dogo suna hannun hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar 'yan siyasa a kansu, ba sai lokacin zaɓe ba. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na farko, mu san abin da zai iya kawo baƙo nan. Tarihi ya nuna ƙasa ce da ruwa da dabbobi da iyaka. Muna da shinkafar Tafkin Geriyo, da raken Numan, da shanun kasuwannin Ngurore da Mubi waɗanda har yau a tsaye ake loda su a tirela zuwa Kudu, da madarar da ke lalacewa a ruga don babu sanyi. Garwa na nan kusa, bayanta ga kasuwar arewacin Kamaru da Chadi, kuma dogon Kamaru ya iso Ngaundere tun 1974 yana haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Duwala. Sana'o'in da suka dace da wannan dukiya sanannu ne: gyaran injin casa da famfon ban-ruwa, haɗa wutar sola, aikin na'urorin sanyaya nama da madara, jima ta zamani, aikin jinyar dabbobi, walda mai inganci, tuƙin manyan injuna. A haɗa da Faransanci, wanda yaron Jimeta ya fi yaron Kano damar koyonsa da amfani da shi.

Na biyu, mu daraja makarantar da muka riga muka mallaka ba mu sani ba. Garejojin Jambutu da shagunan walda da kafinta da gyaran waya da ke Jimeta suna horar da yara masu ɗimbin yawa. Abin da yaran suka rasa shi ne karatun awo da lissafi, da takardar shaidar da kamfani zai yarda da ita. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, akwai ta NABTEB, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa kuma tana da tsarin ba mai sana'a shaida bisa abin da hannunsa ya iya. Ƙungiya irin tamu za ta iya tattara sunayen iyayen gidan sana'a a kowace unguwa, ta biya wa yara goma ko ashirin kuɗin jarrabawa duk shekara, ta nemi malaman kwalejin jiha su riƙa ba su darasin yamma.

Na uku, mu gyara tunaninmu a gida. Uba zai sayar da fili ya kai ɗansa jami'a ya karanta fannin da babu aikinsa, amma in aka ce a kai shi kwalejin fasaha sai ya ga an rena shi. Wajen neman aure ma muna fifita mai digirin da ke zaune a kan mai sana'ar da ke ciyar da gida. 'Ya'yanmu mata kuma kada a tsayar da su a ɗinki da girki kaɗai, aikin ɗakin gwaje-gwaje da na kwamfuta da sarrafa abinci duk suna iyawa.

Na huɗu, 'yan uwanmu da karatu ya kai Abuja da Legas da Dubai da Landan su tuna cewa baƙo ba ya shiga gari sai da ɗan gari. Su ne za su iya haɗa kamfani da sashen injiniya na Jami'ar Modibbo Adama, a zauna a tsara abin da za a koyar tun kafin a aza tubalin masana'anta, kamar yadda aka yi a Singafo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lamiɓen farko sun gina Yola ne da suka haɗa malami da masaƙi da falke a gari ɗaya, suka ba kowa aminci. Zamanin Turawa ya raba su, ya ɗaga mai alƙalami ya bar mai guduma a rana, mu kuma muka ci gaba a haka. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da mai jari zai zo ya tarar da yaranmu sun iya kunna injinsa, su gyara shi in ya tsaya, su rubuta masa rahoto, ranar ce za mu yi ciniki da shi muna tsaye da ƙafafunmu.

Muna roƙon dattawanmu da suka yi aiki a kantunan bakin kogi, ko a Savannah, ko a Afcott, su ba mu abin da suka gani da idonsu, domin matasa su amfana. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu da sana'o'insu, amin.